Hasken da Ke Tsallakawa Gidan Maƙwabci

Kafin komai, akwai gyaran da ya zama dole mu yi.

A fitowar da ta wuce mun yi ɗan rubutu a kan kebul ɗin intanet da ake binnewa a bakin titin makarantarmu. A ciki mun ce da zarar haske ya shiga zaren gilashin da ke cikin kebul ɗin, to ya shiga kurkuku, ba shi da mafita sai ya kai ƙarshen zaren. Kwana biyu da liƙa takardar sai muka tarar wani ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta, "Wa ya gaya muku?" Bai sa suna ba. Ranmu ya ɓaci, domin dokar kulob ta hana rubutu a jikin mujalla. Muka kai ƙara wurin Malama Kofa, wadda ta karanta fiziks a jami'a. Ta karanta jimlar sau biyu, ta yi murmushi, ta ce, "Ƙannena, mai jan biro ya karya doka, amma ya fi ku gaskiya."

Mako uku muka yi muna bin maganar nan, a laburare da ɗakin gwaji da bakin titi. Bayanin yana da ɗan tsawo. Wanda ƙararrawa ta katse shi ya dawo lokacin tashin tara ya ƙarasa.

Abin da ke cikin kebul ɗin

Wani ma'aikaci da ke haɗa kebul a bakin titi ya ba mu guntun da ya yanke. Babu tagulla a ciki ko kaɗan, saboda haka masu haƙawa da dare don su kai wa 'yan gwangwan wahalar banza suke sha, su kuma jawo wa unguwa guda ɗaukewar sabis. Da ya feɗe baƙar robar sai ga zaruruwa goma sha biyu, kowane da launin rigarsa. Ya kankare rigar guda ɗaya da wata 'yar filaya, sai ga gilashi tsirara, siriri kamar gashi.

Domin auna irin wannan abu milimita ta yi girma. Ku dubi rula, ku ɗauki ƙaramin gida ɗaya, wato milimita ɗaya, ku raba shi gida dubu a zuci. Kowane gida shi ne maikuromita ɗaya. Kaurin gashin kai yawanci tsakanin 50 ne da 100. Zaren gilashi da rigarsa 250 ne, ba riga kuwa 125. Amma hasken ba ya cika duk faɗin nan. A can tsakiya akwai wata 'yar hanya mai faɗin maikuromita 9 kacal. A wannan rubutu za mu kira ta ɓargo, gilashin da ya kewaye ta kuma mu kira shi ɓawo.

Ɓargo da ɓawo duk gilashi ne, a manne suke. Bambancinsu shi ne an ɗan zuba wa ɓargon wani sinadari mai suna jamaniyom, wanda ke sa haske ya ɗan rage gudu a cikinsa. Haske a sarari yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a cikin gilashi kuwa wajen 200,000. Tsakanin ɓargo da ɓawo bambancin gudun bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ya isa.

Ya isa ya yi me? Ku cika kofin gilashi da ruwa, ku ɗaga shi sama da idonku, ku leƙi saman ruwan daga ƙasa a karkace. Za ku ga ya zama madubi. Duk lokacin da haske zai fita daga inda yake tafiya a hankali zuwa inda yake sauri, yana lanƙwashewa, shi ya sa cokali a cikin ruwa yake zama kamar ya karye. Ibn Sahl, wani masani a Bagadaza, ya rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa tun shekarar 984. Idan hasken ya zo wa bakin iyakar a kwance sosai, lanƙwasar tana yin yawa har ya kasa fita, sai ya dawo ciki gaba ɗayansa. Haka yake yi a iyakar ɓargo da ɓawo. A 1842 Daniel Colladon na birnin Geneva ya bayyana yadda ya tura haske cikin ruwan da ke tsartuwa daga tanki, hasken ya bi ruwan har ya lanƙwasa tare da shi. Mu ma mun gwada da gorar roba da muka huda da ƙusa da tocilan leza, kuma jan ɗigon ya sauka a cikin bokiti, daidai inda ruwan yake zuba.

Sai batun tsabtar gilashi. Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila a 1966 cewa datti ne ke cinye hasken, kamfanin Corning na Amurka kuma ya yi zaren farko mai isasshiyar tsabta a 1970. Zaren yau sai haske ya yi wajen kilomita 15 a cikinsa kafin rabinsa ya ɓace. Iya nan, abin da muka rubuta a baya daidai ne.

Inda muka yi kuskure

Ma'aikacin nan ne ya fara kunyata mu. Muka ce masa, "Yallaɓai, da gaske ne haske ba ya iya fita daga ciki?" Bai amsa ba. Ya ɗauko wata 'yar tocila mai jan haske da suke neman karayar zare da ita, ya jona a bakin wani zare, sannan ya naɗe zaren a jikin fensir. Nan take wurin ya yi ja. Ya ce, "To ga shi nan yana fita." Ya kuma gargaɗe mu, mu ma muna isar muku: hasken da ke ɗauke da saƙo na gaske ido ba ya ganinsa, amma yana iya lalata ido. Kada wanda ya leƙa bakin zaren da ya tsinta a rami, kada kuma a taɓa tsinin gilashin, yana shiga fata kamar ƙaya.

Wannan na lanƙwasa ne. Abin da Malama ta nuna mana ya fi shi ban mamaki, domin ko zaren a miƙe yake sambal, hasken ba duka yake cikin ɓargo ba. Haske ba kamar ƙwallo yake ba da za ta bugi bango ta dawo. Tafiyarsa irin ta raƙuman ruwa ce, tozo da kwari, tozo da kwari, kuma raƙumin ruwa ba ya yankewa tashi ɗaya a kan layi. Idan haske ya dawo daga bakin iyaka yana barin 'yar wutsiya a ɗaya gefen. Wutsiyar tana bin gefen ɓargon ne kawai, ƙarfinta kuma yana mutuwa da sauri, 'yan maikuromita kaɗan daga ɓargo ta kusa zama babu. A zare mai ɓargo 9, wajen kashi ɗaya bisa biyar na hasken a cikin ɓawo yake tafiya.

Kuna iya kama wutsiyar da hannunku. Ku goge bayan kofin ruwan nan ya bushe, wannan karon ku leƙa ta sama ku dubi bangon kofin daga ciki. Zai yi ƙyalli kamar azurfa, ba za ku ga yatsunku ba in kun riƙe shi sako-sako. Ku matse shi da ƙarfi. Sai zanen yatsunku ya fito layi-layi, kamar wanda ake dangwalawa a takardar ƙuri'a. Tudun zanen ya matso har ya shiga cikin wutsiyar ya sace hasken, kwarin zanen kuwa ya yi nisa, don haka nan wurin ya zauna madubi. Isaac Newton ya ga irin wannan da gilasai biyu da ya matse, ya rubuta a littafinsa na 1704.

Saura kalma ɗaya da za mu buƙata a gaba, wato salo. Ku ɗaura igiyar tsalle a jikin bishiya ku riƙa kaɗa ɗaya bakin. In kun kaɗa a hankali za ta yi ciki ɗaya. Ku ƙara sauri, za ta yi ciki biyu da wani wuri a tsakiya da ba ya motsi. Ku ƙara, ta yi uku. Haske ma da aka matse a cikin ɓargo siffofi ƙidayayyu yake iya ɗauka ya yi tafiya da su ba tare da sun canza ba, kowace siffa ita ce salo ɗaya. Ɓargo mai faɗin 50 yana ɗaukar ɗaruruwan salo, kowane da gudunsa, sai saƙon ya isa a warwatse, shi ya sa a gajeren zango kawai ake amfani da shi. Ɓargo 9 salo ɗaya tak yake ɗauka, ɗigo ɗaya mai haske da wutsiya kewaye da shi. Shi ake binnewa tsakanin gari da gari.

Batura biyu a kan igiyar shanya

To idan a madadin yatsa wani ɓargon aka matso da shi, har wutsiyar wannan ta taɓa wancan, me zai faru? Yawancinmu mun ce hasken zai rabu rabi nan rabi can, shi ke nan, kamar ruwa a randa biyu da aka haɗa da tiyo. Malama ta ce mu ajiye amsar, mu kawo igiyar shanya da kirtani da tsofaffin manyan batura.

Muka ɗaura igiyar tsakanin bayan kujeru biyu, muka bar ta da ɗan sako-sako. Muka rataya batura biyu a jikinta da kirtani, tsawon kowane santimita 40, tsakaninsu taƙi ɗaya. Muka bari suka natsu. Sannan ɗaya daga cikinmu ta ja na hagu zuwa wajenta ta saki.

Na hagu ya fara lilo, na dama yana tsaye. Can sai na dama ya fara motsi kaɗan-kaɗan. Yana ƙaruwa, na hagu yana raguwa. Da suka zo daidai muka ce to ga amsarmu ta fito. Ina! Na hagu ya ci gaba da raguwa har ya tsaya cak kamar an riƙe shi, na dama kuwa yana lilo da duk ƙarfin. Kafin mu rufe baki sai abin ya juyo, na hagu ya farfaɗo, na dama ya mutu. Haka suka yi ta miƙa wa juna. Mun ƙirga, lilo goma sha ɗaya ne ke kai motsin daga wannan zuwa wancan. Da muka ƙara ɗaure igiyar tamau sai ya koma ashirin da wani abu. Wani ɗan aji ɗaya da ke leƙe ta taga ya rantse akwai maganaɗisu a ciki.

Babu maganaɗisu. Ku ja baturan biyu tare zuwa gefe ɗaya ku saki, za su yi ta tafiya tare, babu mai ba wani komai. Ku ja ɗaya gaba, ɗaya baya, ku saki, za su yi ta saɓawa, nan ma babu mai ba wani komai. Waɗannan su ne salo biyu na baturan a haɗe, salon tare da salon saɓani. Amma saurinsu ba ɗaya ba ne. A salon tare igiyar shanyar ma tana bin su, kamar kirtanin ya ƙara tsawo, don haka ya ɗan fi jinkiri. Idan ka ja batir ɗaya kaɗai, ka tayar da salo biyun ne a lokaci guda. Da farko a wajen na hagu suna taimakon juna, a wajen na dama suna kashe juna, shi ya sa yake tsaye. Da yake ɗaya ya fi ɗaya sauri, a hankali sai su saɓa ƙafa, har a kai inda suke kashe juna a hagu suna taimakon juna a dama. Daga nan kuma su zagayo.

Abin da ke faruwa a ɓargo biyu ke nan, sai dai abin da batura ke yi cikin lokaci, haske yana yin sa ne cikin tsawon zare. A tura shi ta ɓargon hagu, bayan wani tsawo duk ya koma dama, bayan ninkin wannan tsawon ya dawo hagu. Matso da ɓargon kusa daidai yake da sassauta igiyar shanya, tsallakawar tana ƙara sauri.

Zaruruwa sha biyun da ke bakin titinmu ba sa yin haka, kada wani ya ce hirarsa ta WhatsApp tana tsallakawa wayar maƙwabci. Tsakanin ɓargo da ɓargo a can akwai aƙalla maikuromita 250, wutsiyar ta daɗe da mutuwa. Amma injiniyoyi sukan jawo tsallakawar da gangan in suna son raba haske. Sai su murɗe zare biyu tare, su gasa da wuta, su ja har wurin ya sirance, suna kallon mita. Da hasken ya rabu rabi da rabi sai su tsaya.

Gwajin ƙarshe ku riƙe shi, za mu dawo kansa. Mun rage tsawon kirtanin na dama da faɗin yatsa huɗu, muka saki na hagu. Na dama ya ɗan girgiza ya tsaya, ya ɗan girgiza ya tsaya. Bai taɓa karɓar motsin duka ba. Wato cikakkiyar tsallakawa sai tsakanin tagwaye masu kama ɗaya.

In sun yi yawa

Batura uku salo uku gare su: duka tare, na gefe biyu suna saɓawa na tsakiya yana tsaye, na gefe biyu tare na tsakiya yana saɓa musu. Ɓargo uku ma haka, goma salo goma, ɗari salo ɗari. Mun gwada batura biyar amma abin ya rikice mana, domin igiyar tana lotsawa a tsakiya, tsawon ya ƙi zama ɗaya.

A jere mai yawa ne abin da ya fi ɗaure mana kai yake. A jera ɓargo kamar hamsin a layi, iri ɗaya, tazara ɗaya, a tura haske ta na tsakiya kaɗai. Hankali zai ce tsakiya za ta fi haske, gefe-gefe su dushe, kamar yadda tocila ke yi a bango. Abin da ake gani akasin haka ne. Yawancin hasken yana rabuwa gida biyu, ɗaya ya nufi hagu, ɗaya ya nufi dama, suna buɗewa kamar ƙahon sa, tsakiya kuwa a bar ta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani ɓargon ma duhu. Dalilin tozo da kwari ne. Akwai hanyoyi da yawa da haske zai bi ya tsinci kansa a tsakiya: ya je hagu ya dawo, ya je dama ya dawo, ya tsallaka biyu ya dawo, ko ya zauna bai motsa ba. Suna isowa wani da tozo wani da kwari, sai su cinye juna. Waɗanda ke gaba-gaba kuwa kusan hanya ɗaya suka bi, ƙafarsu ɗaya, sai su taru su yi ƙarfi. Allan Jones ya yi lissafin wannan a takarda a 1965, a 1973 kuma Amnon Yariv da abokan aikinsa a Kalifoniya suka gan shi a ɗakin gwaji, a cikin ƙananan hanyoyin haske da suka jera a kan wani ɗan faifai.

Wani zai ce ina ruwan ɗan aji biyu da wannan? Bari mu leƙa asibiti.

Likita yana son ganin cikin tumbin mutum ba tare da an yanka shi ba. Dabarar ita ce a ɗaure dubban zaruruwa wuri guda kamar tsintsiya, a tsara su yadda wanda ke sama ta hagu a wannan bakin shi ne a sama ta hagu a wancan. Kowane zare ya ɗauko ɗigo ɗaya na hoton. Heinrich Lamm, ɗalibin likitanci a birnin Munich na Jamus, ya gwada a 1930, hoton ya fito amma dishi-dishi. Zaruruwansa tsirara ne, ba ɓawo, don haka duk inda biyu suka taɓa juna sai abin kofi da yatsa ya faru. Wanda ya gano yadda za a yi ɓawon da gilashi ɗalibi ne da bai ma gama digirin farko ba, Lawrence Curtiss na Jami'ar Michigan, a ƙarshen 1956. A farkon 1957 likitan da yake wa aiki, Basil Hirschowitz, ya haɗiye na'urar da kansa kafin ya sa wa majinyaci. Wannan kam mun jinjina masa, wasunmu ko ƙwayar magani sai da rarrashi.

Matsalar ba ta ƙare a nan ba. Ana son hoto mai kyau, wato ɗigo masu yawa, ana kuma son abin ya zama siriri. Dole a cusa ɓargo dubu goma ko dubu talatin a faɗin da bai kai milimita ɗaya ba, tsakaninsu maikuromita uku ko huɗu. A wannan kusanci wutsiya tana taɓa maƙwabci, hoto ya cakuɗe. Maganin shi ne na kirtanin da muka rage: kada maƙwabta su zama tagwaye. A irin wannan dami ɓargon ba girmansu ɗaya ba, wani ya ɗan fi wani, sai hasken ya ɗan leƙa ya dawo gida. Philip Anderson na Amurka ya nuna tun 1958 cewa rashin tsari yana iya hana irin waɗannan raƙuma bazuwa. Shi a kan ƙwayoyin lantarki yake magana, amma bayan shekara kusan hamsin aka ga haka da haske a jerin hanyoyin da aka hargitsa da gangan. Maimakon ƙaho biyu, hasken ya tsaya kusa da inda ya shiga. Yawancin na'urorin leƙa ciki na yau 'yar kyamara ce a bakinsu, amma mafi sirantarsu har gobe da dami suke ɗauko hoto.

Sai intanet. Ranar 14 ga Maris, 2024, kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin, masu tura kuɗi ta banki suka sha wahala. Ranar ce mutane da yawa suka san cewa saƙonsu ta ƙarƙashin ruwa yake bi, ba ta sama ba. Kebul irin wannan a can cikin zurfi kaurinsa kamar na tiyon ban ruwa ne, zaren da zai ɗauka ƙidayayye ne, ga shi kullum masu kallon bidiyo ƙaruwa suke. Zare mai ɓargo ɗaya ya kusa kai iyakar abin da zai iya ɗauka. To ɓargon 9 ne a cikin 125, sauran fili yana zaune. Me zai hana a sa ɓargo da yawa a zare ɗaya?

A nan masu bincike suka rabu hanya biyu. Wasu suna nisanta su da juna wajen maikuromita 40, har su kewaye kowane da wani irin gilashi da ke datse wutsiya. Ta haka huɗu ko biyar ne ke shiga cikin 125. Wasu kuma suka ce a bar hasken ya tsallaka son ransa. A cusa ɓargo da yawa, saƙonni su cakuɗe, a can ƙarshe kwamfuta ta warware. Kafin saƙo na gaske akan tura wani na gwaji da aka riga aka sani, kwamfutar ta duba yadda ya iso a hargitse, daga nan ta san lissafin da za ta yi ta mayar da kowane inda ya fito. Cakuɗuwar har amfani gare ta. Tunda kowane saƙo yana ɗan hawa salo mai sauri, ya ɗan hau mai jinkiri, duk suna isowa kusan tare, aikin kwamfutar ya ragu. A 2023 cibiyar binciken sadarwa ta ƙasar Japan, NICT, da kamfanin Sumitomo Electric da wasu jami'o'i suka tura bayanai ta irin wannan zare mai ɓargo 19 a cikin kauri 125 ɗin nan, tsawon fiye da kilomita 60. Abin da ya wuce a daƙiƙa ɗaya ya haura giga 200,000. Mun yi lissafi a allo: in kana cinye giga ɗaya kullum, sai ka shekara fiye da 500 kafin ka gama da na daƙiƙa ɗayan. Wannan a ɗakin gwaji ne, bai iso bakin titinmu ba tukuna.

Mun soke waccan jimla a kwafin da ke fayil ɗin kulob. Igiyar shanya da baturan suna nan a ɗaure a bayan ɗakin gwaji har ranar Juma'a. Malama ta ce duk mai so ya zo bayan an tashi ya gwada, amma a riƙa jan batir a hankali a saki, kada a wurga shi. Muna neman wanda zai iya daidaita biyar ɗin. Mai jan biro ma muna gayyatarsa, ba za mu kai sunansa ofis ba. Sai dai ya taho da babban batir guda ɗaya, domin na biyar ɗinmu ya yi ɓatan dabo tun ranar Talata.